Daɓe Mai Ƙyalli

Yanzu in na ce daɓe, sai yara su yi ta kallon bakina, don su siminti suka buɗe ido suka gani. A zamaninmu amarya ba ta tarewa sai mata sun yi wa ɗakinta daɓe. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓi suna bugu suna waƙa tun hantsi har rana ta karkata, sannan a bi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi baƙi ta yi santsi. Daɓen kirki ya fi simintin yanzu ƙarko, wanda ya ce ba haka ba ya zo mu yi musu. Na san ƙarkonsa, don ni na fasa nawa da hannuna.

Ni 'yar Burumburum ce. Aka kai ni aure wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa, lokacin Turawa na nan amma an fara raɗe-raɗin za su tafi. Mijina manomi ne, da rani kuma yana lebura a wani barikin haƙar kuza a bayan dutse, kamar duk wani namiji mai ƙarfi a ƙauyen. A barikin akwai wani rami da suka bi kuza, suka ci karo da wani dutse daban, mai nauyi, mai ruwan toka, yana walƙiya kamar kwalli. Baturen barikin ba shi yake nema ba. Sai a farfasa, a wanke, a tsince kuzar, sauran a tsibe shi a bakin rafi. In rana ta doki tsibin nan sai ka kare ido da hannu.

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son ya burge ba tare da ya yi magana ba. Da aure ya matso, ya je ya roƙi heliman lebura, wato shugabansu, ya bar shi ya ɗebi yashin nan. Helima ya ce ya ɗebi iyakar abin da jakinsa zai iya, shara ya rage musu. Ya yi ta jida. Da Innata ta iso daga Burumburum da ƙannenta don yin daɓe, ta tarar da tsibin yashi a tsakar gida yana ƙyalli, an ce sai da ta yi guɗa. Inna gwanar daɓe ce, har daga Tudun Wada ake aiko mata. Ta cakuɗa shi da ƙasa, suka buga, suka sake bugawa. Da ya yi saura, ta ce ba a zubar da alheri, suka daɓe ƙofar ɗakin ma daga waje, da wurin ajiye randa.

Kai, daɓen ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba ko yanzu da nake tsine masa. Baƙi wuluk, da ɗigo-ɗigon haske a ciki kamar an watsa gishiri a kan baƙin zane. Mata daga wasu unguwanni sukan zo wai gaishe da amarya, alhali ƙasa suka zo gani. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ina share shi ko babu datti, ina shanya tsaba a kai, ina zama a kai in ci tuwo ba tabarma.

Na haifi ɗan fari, namiji. Lafiyayye, mai ƙiba, har ya fara rarrafe. Daga nan abu ya juya. Ya ƙi abinci, ya ɗashe, cikinsa ya ɗaure, ga kuka ba dare ba rana, irin kukan da ke sa uwa ta ji kamar ta gudu ta bar garin. Ya riga ya fara kama bango yana tsayawa, sai ya daina. Surukata ta ce haƙori ne. Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka jiƙa saiwa iri-iri. Rannan da rana tsaka ya yi amai, idanunsa suka juye, jikinsa ya kama jijjiga, ya sanƙare a cinyar kakarsa. Kafin a kira liman ya cika.

Ɗan fari ne, kun san kunya. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ban kuma isa in yi masa kuka a gaban mutane ba. Na ɗauki taɓarya na yi ta daka hatsin da ba a sa ni ba, har ya zama gari. Wannan kunya tamu, ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, amma na tabbata bai taɓa binne ɗa ba. Bayansa na yi ɓari. Mata suka fara ce mini mai wabi a bayan idona, wasu ma a gaban idona. Sannan Allah ya ba ni 'ya mace, wadda a kanta nake wannan labari.

A tsakanin nan mijina ma ya lalace. Duk ranin da ya shiga bariki sai murɗar ciki ta kama shi, ƙato guda yana birgima a ƙasa yana cizon rigarsa. Ya zama mai saurin fushi, shi da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Daga baya hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, ya riƙa lilo, fartanya ma sai ta suɓuce masa. 'Yan tsakin da nake kifewa da kwando a ɗaki kuwa, ko ɗaya ba ya kai labari, sai su murɗe wuya su mutu. Duk wannan yana gabanmu, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ce ta fara sa mini shakka. Ƙawata ce, mukan zauna mu yi ta tsokanar juna, ta ce mu Haɓe ba mu iya dama fura ba, in ce su ba su iya tuƙa tuwo ba. Rannan ta zo yi mini sallama, ta ce rugarsu za ta tashi. Na tambayi dalili, ta ce 'yan maruƙan da suka sha ruwa a ƙasan tsibin bariki sun makance, suna cizon haƙora suna zagaya wuri ɗaya har su faɗi. Ta ce ai ko yaron dokin Bature ba ya shayar da shi a nan, can sama da tsibin yake kai shi. Sai ta dubi ƙasan ɗakina, ta daɗe tana kallo, ta tambaye ni ko wannan ba yashin bakin rafin ba ne. Na ce shi ne. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Na gane nufinta, amma wa zan gaya wa? In ce wa surukata saniya ta makance, don haka ɗakina ne ya kashe jikanta?

Babban gidanmu wan mijina ne, don mahaifinsu ya rasu. Yaya muke ce masa duka. Tsohon soja ne, ya je yaƙi ya ga duniya, ba ya tsoron Bature kamar sauran maza. Shi ya ji labarin likita zai zo rangadi ɗakin magani na Tudun Wada, ya ɗora ƙaninsa a jaki ya kai shi saboda hannun. Likita ya duba hannun, ya ɗaga masa leɓe, ya ga wani baƙin layi a dasashi, ya tambayi aikin da yake yi. Malamin asibiti ya fassara musu cewa gubar dalma ce, tana cikin dutsen nan mai ƙyalli. Ya ce tana shiga ta baki da ta hanci, ta taru a jiki a hankali, ta cinye jini, ta ɗaure ciki, ta kashe jijiya, ta zubar wa mace da ciki. Babba yakan jure ta shekaru, amma ƙaramin yaro kai tsaye take hawa masa ka. Nan mijina ya faɗi zancen daɓe da yaron da ya mutu. An ce likita ya ajiye alƙalaminsa, ya ce a fitar da duk wani yaro daga ɗakin a ranar. Ya ce shi ba shi da maganinta a akwatinsa, maganinta na farko shi ne a rabu da ita.

Da suka dawo ina zaune a ɗaki, yarinya tana kan daɓe tana koyon zama. Mijina ya tsaya daga waje, ya kasa shigowa.

"Ɗauko ta ki fito," ya ce.

"Lafiya?"

"Daɓen nan ne. Shi ya ci yaron."

Na ɗauko ta na fito. Ban yi kuka ba. Na tuna yadda marigayin yake kwanciya rub da ciki yana lasar ƙasa, mu kuwa muna dariya muna cewa yaro mai cin ƙasa ƙarfi zai yi.

Yaya ya ce wannan magana ba za ta tafi a banza ba, sai an yi shari'a. Ya ce Baturen da ya san ya hana dokinsa shan ruwan ya san abin da ke cikin yashin, amma ya bar talaka ya kwasa ya kai ɗakin matarsa. Wallahi gaskiya ya faɗa, har yau ban ga ƙarya a ciki ba. Muka kwasa zuwa gaban alƙali a Tudun Wada, har da ni, da goyo. Tafiyar kaɗai ta isa ta sa mutum ya yafe.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi mana ta'aziyya. Sannan ya ce shi ba shi da ikon aika wa Bature sammaci, wannan sai kotun Joji a Kano. Helima kam yana iya kiransa, amma helima zai ce abin da aka roƙe shi ya bayar, bai san guba ba ce, kuma ina shaidu biyu da za su rantse sun ga yashi ya shiga cikin yaro ya kashe shi? Yaya ya fara ɗaga murya yana zancen diyya. Alƙali ya bar shi ya gama, sannan ya dubi mijina.

"Wa ya ɗebo yashin?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Wa ya daɓe shi?"

"Surukata, uwar matata."

"To, in diyya kuke nema a gabana, hannun da ya ɗebo da hannun da ya daɓe su ne a kusa da ni. Kana so in aika a kira ta?"

Muka yi godiya muka fito. Dama an ce shari'a saɓanin hankali, ran nan na ga haka da idona.

Yaya bai saduda ba. A bariki akwai wani mutum daga wajen Jos mai haɗa kan lebura, wanda ya san dokokin Turawa. Ya gaya masa akwai doka da ta ce leburan da ya nakasa a bakin aiki a biya shi. Amma an fi gane karaya da yankewar yatsa, abin da ido ke gani. Ciwon da ya shiga a hankali sai likitan kamfani ya yarda aikin ne ya jawo shi. Aka kai mijina wurin likitan kamfani, ya juya hannun sama da ƙasa, ya ce sanyi ne, kuma ai shi leburan rani ne, ba na dindindin ba. Wannan ƙofa ta rufe. Saura maganar yaro, ita kuwa sai gaban Joji, da lauya, lauya kuma ba ya motsi sai da shaida a hannu. Mutumin Jos ɗin ya ce ya riga ya kai magana ofishin da ke kula da lebura, za a turo ma'aikaci ya ga ɗakin da idonsa, ya ɓanɓari daɓen a gaban shaidu, a kai a auna. Kafin nan kada kowa ya taɓa shi, don shi kaɗai ne shaidarmu.

Yaya ya dawo ya ɗaure ƙyauren ɗakina da igiya, ya tara gida ya ce duk wanda ya taɓa daɓen nan, ciki ko waje, shi da shi ne. Na aika surukata ta roƙe shi ya bar ni in kai yarinya Burumburum har ma'aikacin ya zo. Ya ce a'a, ita ma shaida ce, dole a gan ta a gidan da abin ya faru. Ku ji fa, 'yata ta zama shaida, kamar akuyar da aka kama a hannun ɓarawo. Na dubi mijina ko zai ce wani abu, ya sunkuyar da kai. Mutumin da hannunsa ya mutu, yana ci daga rumbun wansa, ina ya ga bakin musu? Ga damina ta sauka, rafuka sun cika, ko na ce zan gudu ba hanya.

Na koma ɗakin surukata da zama. Amma ai daɓen ƙofar ɗakina a tsakar gida yake, ba igiyar da za ta ɗaure shi. Duk ruwan da aka yi sai ya wanke gefensa, da rana ta fito sai ka ga ƙyalli-ƙyalli har bakin murhu. Abin da da nake kira mata su gani, yanzu in na hango shi sai in kau da kai. Yarinya kuwa ta kai rarrafe, duk abin da hannunta ya taɓa sai baki.

Sai na mayar da ita bayana. Da ita nake daka, da ita nake zuwa rijiya, da ita nake tuƙa tuwo, tana harbe-harbe tana jan gashina don tana son ƙasa. Bayana ya saɓule, majanyi ya yi mini sawu a ƙirji. In zan yi salla ko in zaga, sai in ɗaure ƙafarta da zane a ƙafar gadon surukata, tana tsala ihu. Surukata tsohuwa ce, ta riƙe ta kaɗan sai gyangyaɗi. Na gaji, gajiyar da ban taɓa yin irinta ba kafin nan ko bayan nan. Har na kai in na ji kukanta sai in ji haushinta, sannan in ji haushin kaina.

Duk ranar kasuwa Yaya sai ya wanke riga ya tafi bariki jin labari. Yau a ce ma'aikacin yana tafe. Wani mako a ce hanya ta yanke. Wani a ce ya tafi hutu, wani a ce an canja shi, sabon bai gama karanta maganar ba. Yaya ya dawo ya ce a ƙara haƙuri, an kusa. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya fitar da kai, muna nan muna jiran gawon shanu.

Rannan kowa ya tafi gona, daga ni sai tsohuwa. Tukunya ta tafaso tana neman zubewa, na sauke yarinya a cinyar kakarta na ce ga ni nan. Kafin in sauke tukunya in juyo, tsohuwa ta yi barci, cinyarta wayam. Na same ta a ƙofar ɗakina, rub da ciki, tana kankarar bakin daɓen da 'yan haƙoranta na ƙasa. Na fizge ta, na sa yatsa na ƙwaƙule bakin, na wanke har ta shiɗe don kuka. Ban san sau nawa ta yi haka ban gani ba, ban kuma san nawa ta riga ta sha tun tana ciki, da cikin nonona.

Ba a jima ba ta fara ƙin mama. Ta ɗashe. Wata safiya ta yi amai, idanun suka juye, jikin ya kama irin jijjigar nan da na sani. Na riƙe ta ina kiran sunan Allah, ina jiran ta sanƙare kamar wanta. Sai abin ya sake ta, ta ja numfashi, ta yi laƙwas. Na miƙa ta ga kakarta, na ce, "Iya, riƙe ta, kada ki yi barci." Maza sun riga sun fita gona. Na shiga zaure na ɗauko digar mijina ta bariki, na tsinke igiyar Yaya.

Wayyo Inna, Allah ya jiƙanki, kin iya aiki. Saran farko diga ta yi tsalle ta dawo mini, wuta ta tashi. Na ɗaure hancina da ɗankwali, na watsa ruwa don ƙura, na yi ta sara ina zagin Bature, ina zagin helima, ina zagin ma'aikacin da ban taɓa gani ba, har da jakin da ya yi jidar bai tsira ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Kukan da ban yi wa ɗan fari ba, a nan na yi shi, da ƙarfi, ban damu da wanda ya ji ba.

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Suka yi cirko-cirko, don kowa ya san abin da Yaya ya ce. Sai surukata, uwar Yayan da kanta, ta goya yarinya a bayanta, ta fito da kwando ta ajiye a gabana. Da mata suka ga haka, suka shigo da nasu. Muka kwashe ciki da waje, muka kankare tsakar gida har bakin murhu, muka kai wani tsohon rami a bayan gari inda ba a noma ba a kiwo, muka rufe da ƙasa muka ɗora ƙaya.

Da la'asar maza suka dawo, ana kwasar ƙarshe. Yaya ya tsaya da fartanya a kafaɗa, ya dubi ɗakin, ya dube ni.

"Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni, Yaya."

"Kin san abin da kika fasa? Haƙƙin ɗanki kika fasa."

"Wancan yana kushewa, Yaya. Wannan ga ta nan da sauran numfashi."

Ya ɗaga hannu, ya ga uwarsa tsaye da goyo, ya sauke. Mijina ya matso. Ya sunkuya ya ɗauki kwandon da ya rage da hannun hagu, ya bi hanyar rami.

Ma'aikacin ya zo, kada ku ce bai zo ba. Bayan an gama girbi, hanya ta bushe, sai ga shi a keke, saurayi mai fara'a, da ɗan gwangwani da zai zuba shaida. Ya leƙa ɗaki ya ga jar ƙasa. Yaya ya ce a je rami a tono masa. Ya ce ɓaraguzan cikin rami ba su nuna daga ɗakin wa suka fito ba, lauyan kamfani zai ce daga tsibi aka kwaso jiya. Ya dubi yarinya, ya ce ai ga ta da ranta. Ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya hau kekensa. Iyakar shari'armu ke nan. Bayan 'yan shekaru kuza ta faɗi, aka rufe barikin, Bature ya tafi garinsu, aka bar mana tsibin, ko ciyawa ba ta fitowa a kansa.

Yaya bai ƙara yi mini magana mai daɗi ba har ya koma ga Allah. Yana ganin da na ƙara haƙuri kaɗan da an kai Bature gaban Joji, da sauran lebura ma sun amfana. Watakila. Ni dai ban taɓa jin talakan ƙauyenmu ya kai Bature ƙasa ba, kuma ba a yi mini alƙawarin yarinya za ta kai girbi ba. Hannun mijina ya ɗan dawo da ya bar bariki, amma bai tsufa ba, kumburin ƙafa ya tafi da shi. Inna kuwa da ta zo ta ga ɗaki ba daɓe, na ce mata gara ce ta ci shi ta ƙasa. Ta yi ta mamaki, ta ce gara ba ta taɓa cin aikinta ba. Na hana kowa ya gaya mata. 'Ya'yan da na haifa daga baya a jar ƙasa suka yi rarrafe, duk suka tashi garau, cikinsu har da malamar makarantar da ta koya mini riƙe alƙalami da furfurata.

Yaran yanzu in sun ji labarin sai su ce ai da yau ne, da an auna jinin yarinyar, da lauyoyi sun tsaya mana, da kamfani ya biya. To madalla, Allah ya sa haka ne. Wanda abin ya sama ya nemi haƙƙinsa, ya je da wuri, kada ya yi sanya. Amma ya fara ɗauke ɗansa daga wurin tukuna, sannan ya nemi lauya.

Yarinya ta rayu. Jijjigar ta dawo mata wasu lokuta, sannan ta bar ta. Sai dai abin da dalma ta riga ta ɗauka ba ta mayar ba. Ba ta yi magana ba sai da ƙaninta ya fara, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. An kai ta makarantar allo, abin da aka biya mata da safe kafin azahar ya gudu. An gwada yi mata aure, mutumin kirki ne, ya dawo mini da ita da kansa yana ba ni haƙuri, don takan ɗora tukunya ta manta da wuta. Tun daga nan muke tare, ɗaki ɗaya.

Yanzu ita ma ta yi furfura, in muka zauna baƙo sai ya ɗauka ya da ƙanwa ne. Ba ta da ƙiwa, ba ta da mugunta, duk abin da na sa ta sai ta yi da murna. Tunda ƙafafuna suka ƙi, ita ke ɗebo mana ruwa. Sai dai ba ta san randa ta cika ba. Za ta yi ta zubawa, ruwa yana malala har ƙarƙashin gado, ta koma rijiya ta ƙaro, sai na ɗaga murya na ce mata ya isa. Kullum sai na ce. Ƙannenta suna da kirki, amma kowa da gidansa da hidimarsa, ni kuwa na tsufa ƙwarai. Abin da nake ta juyawa a raina ke nan, ranar da ba na nan, wa zai zauna kusa da randa ya ce mata ya isa.